Suje na San-Dani: mutumin da ya gyara lissafi kafin ya tada gini

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Faransa, garin San-Dani da ke arewacin birnin Paris. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san sunan garin, domin a can ne babban filin da aka buga wasan ƙarshe na cin kofin duniya a shekara ta 1998 yake. To amma tun kafin a san ƙwallo, abu biyu suka fito da sunan San-Dani: kasuwa da majami'a. A tsakiyar garin, kusa da kasuwarsa, akwai wata tsohuwar majami'a wadda aka binne sarakunan Faransa sama da 40 a cikinta. Mutumin da ya sake mata fasali shi ne Suje, wanda ake rubuta sunansa Suger da Faransanci. Ya rasu tun shekara ta 1151, amma labarinsa yana da abin da ɗan kasuwa zai tsinta, domin mutum ne da ya yi shekaru fiye da 10 yana gyaran hanyoyin shigar kuɗi kafin ya yarda a aza dutse ɗaya.

Asalin wurin

A wajajen shekara ta 250 hukumar Rumawa ta fille kan wani malamin Kirista mai suna Dani, wanda ake ɗauka shi ne babban limamin Paris na farko. An kashe shi tare da abokansa biyu. Labarin da Kiristocin ƙasar suka gada yana cewa ya ɗauki kansa a hannu ya yi tafiyar kusan kilomita 6 har wurin da aka binne shi. A kan kabarin nan aka gina ɗakin ibada, daga baya ya zama gidan ruhubanawa, watau mazan da suka bar aure da mallakar dukiya suka keɓe kansu don ibada a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sarki Dagobar, wanda ya rasu a 639, ya wadata gidan da kyauta, kuma a can aka binne shi. An sake gina majami'ar aka buɗe ta a 775.

Abin da ke jawo jama'a shi ne kayan tabarruki da ke ajiye a wurin. Akwai ƙasusuwan Dani da abokansa biyu. Akwai kuma wata ƙusa da wani guntun kambin ƙaya, waɗanda Kirista suka yi imani suna cikin abubuwan da aka azabtar da Isa Almasihu da su. Duk inda jama'a suka taru kuwa, ciniki ba ya nisa. Gidan yana da kasuwar shekara a watan Oktoba, lokacin bikin Dani, inda fatake suke zuwa sarin ruwan inabi da zuma. Akwai kuma kasuwar Landi a watan Yuni, a filin da ke tsakanin Paris da San-Dani, inda ake cinikin tufafi, fatu da dabbobi.

Yaron da aka bayar

An haifi Suje a wajajen shekara ta 1081. Ba ɗan babbar sarauta ba ne, kuma shi da kansa bai ɓoye ƙanƙantar asalinsa ba. Yana da kimanin shekara 10 mahaifinsa ya kai shi San-Dani ya miƙa shi ga gidan, kamar yadda aka saba a wancan zamani. A can ya yi karatu, a can ya girma, har ya riƙa ɗaukar gidan a matsayin uwa. Gajere ne siriri, amma mai kaifin ƙwaƙwalwa da iya magana. Tun yana saurayi yake son tonon tsofaffin takardun gidan, waɗanda ke nuna gonaki da garuruwan da sarakuna suka bayar. Wannan sanin takardu ya yi masa rana daga baya.

A 1107 aka tura shi kula da wata dukiyar gidan a Barnabal, bakin teku a yankin Normandi, inda ya ga yadda hukuma mai tsari take tafiyar da haraji da shari'a. Bayan shekara biyu aka mayar da shi Turi, yankin noman alkama a kudancin Paris. A nan ya haɗu da wani ɗan sarauta mai suna Hugu, mai ganuwa a Pwize, wanda ya mayar da ƙwacen hatsin manoma sana'a. Suje ya haɗa kan waɗanda ake zalunta suka kai kuka wurin sarki Luwi na 6. A 1111 sarki ya kawo yaƙi ya ci ganuwar. Daga nan amana ta ƙullu tsakanin sarki da wannan matashi, har ya zama manzon da ake aikawa wurin Fafaroma.

Yana kan hanyar dawowa daga Italiya a 1122 labari ya tarye shi cewa shugaban gidan, Adam, ya rasu, kuma ƴan uwansa sun zaɓe shi ya gaje shi. Sarki ya husata don ba a nemi izininsa ba, har ya tsare waɗanda suka kai masa labarin a garin Orleyan. Amma fushin bai daɗe ba, ya sake su ya amince da zaɓen.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Gidan da Suje ya gada yana da suna, amma dukiyarsa a warwatse take. Wasu gonaki an ba da su jingina, wasu masu ƙarfi sun danne, wasu sun koma saura. Majami'ar kuma ta tsufa, bango ya tsage. Wani da ya samu wannan kujera da ya fara da gini don a gani a faɗa. Shi kuwa ya fara da littafin lissafi. Ya bi gari gari yana fanso abin da aka jinginar, yana sake tsara kuɗin hayar gonaki, yana gina rumbuna, yana dasa inabi. Inda daji ya zama maɓoyar ƴan fashi, kamar Bokaraso, ya yanka filaye ya kira manoma su zauna a kan haya mai sauƙi, har wurin ya zama gari.

A 1124 sarkin Jamus, Hanri na 5, ya yi shirin afka wa Faransa. Sarki Luwi ya zo San-Dani ya ɗauki tutar yaƙi daga kan bagadi, hakiman ƙasa suka taru a bayansa a garin Rans, sarkin Jamus ya juya ba tare da an gwabza ba. Don godiya, Luwi ya bar wa gidan ikon kasuwar Landi. Ku da kuke biyan kuɗin rumfa kun san abin da wannan yake nufi: duk wanda ya kafa rumfa ko ya shigo da kaya, akwai rabon gidan a ciki. A 1125 kuma Suje ya yafe wa mutanen garin wani tsohon haraji da ake karɓa a kan gadon mamaci, su kuma suka biya fam 200 na kuɗin azurfa na zamanin, ya ware su don gyaran mashigin majami'a.

Wannan himma tana da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A 1129 ya fito da takardu yana cewa gidan ibadar mata na Arjantai da gonakinsa mallakar San-Dani ne tun asali, aka kuma zargi matan da rashin kamun kai. Taron limamai ya ba shi gaskiya, aka fitar da matan. Cikinsu har da Eloyiz, ɗaya daga cikin matan da suka fi ilimi a Turai ta wancan lokaci, wadda sai da ta nemi wani matsuguni ita da ƴan uwanta. Dukiyar Arjantai ta shiga asusun San-Dani.

Dalilin gini

Suje ya rubuta littattafai a kan aikinsa, kuma a ciki ya bayyana abin da ya gani tun yana yaro. Ranar biki, idan aka fito da ƙusa da kambin ƙaya don jama'a su sumbata, majami'ar takan cika har wanda ke ciki ba ya iya ɗaga ƙafa, na waje kuma suna ta turowa. Mata sukan matse har su suma, a ɗaga su sama a bi da su ta kan mutane a fitar da su fili. Akwai lokutan da masu riƙe da kayan tabarrukin suka tsere da su ta taga. Duk wadda ta taɓa shiga kasuwa ana jajibirin salla ta san irin wannan turereniya.

Amma rushe tsohon ginin ba abu ne mai sauƙi ba, domin jama'a sun yi imani cewa Almasihu da kansa ya tsarkake bangon tun zamanin Dagobar. Saboda haka Suje ya bar tsakiyar ginin yadda yake, ya kama aiki ta baki biyu. Wajajen 1135 ya fara da mashigi na yamma: ƙofofi uku manya maimakon matsattsiyar hanya, ƙyamaren tagulla da aka shafe da zinariya, da wata babbar taga mai da'ira a sama. An buɗe wannan sashe ranar 9 ga watan Yuni 1140.

Wurin neman kayan aiki ne halinsa ya fi fitowa. Da farko ya yi tunanin ɗauko ginshiƙan marmara daga kangayen birnin Roma ta jirgin ruwa, abin da zai ci kuɗi mai yawa. Sai aka gano dutse mai kyau kusa da Pontuwaz, a wani rami da mutane suka daɗe suna sassaƙa dutsen niƙa. Da aka zo rufi, ana bukatar dogayen itatuwa 12. Kafintoci suka ce ba za a same su a yankin ba sai an tafi nesa. Suje bai yarda ba. Ya tashi da sassafe da ma'auni a hannu, ya shiga dajin Ibilin tare da ma'aikata, yana kutsawa cikin sarƙaƙiya, kafin la'asar ya sa wa itace 12 alama. Shi ya ɗauki wannan a matsayin taimakon Allah. Ɗan kasuwa kuma zai ƙara da cewa wanda ya taka da ƙafarsa ya ga kaya ba a yi masa ƙaryar babu.

Haka ma duwatsun ado. Yana tsakiyar ƙera wani babban gicciye na zinariya duwatsu suka ƙare. Sai ga ruhubanawa daga wasu gidaje uku sun zo da tarin yaƙutu da lu'ulu'u da aka ba su sadaka, waɗanda asalinsu daga taskar marigayi sarkin Ingila Hanri na 1 suke. Su kuɗi suke so, shi kuwa duwatsu. Ya biya fam 400, ya kuma rubuta da kansa cewa kayan sun fi haka daraja nesa ba kusa ba.

Ɗakin haske

Ranar 14 ga watan Yuli 1140 aka aza harsashin sashen gabas, inda za a ajiye ƙasusuwan Dani. Wannan sashe shi ne ya shigar da sunan Suje tarihin gini. Majami'un da aka saba gani kafin nan suna da bango mai kauri da ƙananan tagogi, domin bango ne ke ɗauke da nauyin rufin dutse, cikinsu kuma duhu. Maginan San-Dani suka bi wata hanya. Suka ɗaura bakuna na dutse masu gilma juna a ƙarƙashin rufi, kusan yadda magini yake ɗaura baka a soro, sai nauyin ya bi bakunan ya sauka a kan ginshiƙai sirara. Bakunan kuma masu tsini ne a sama, abin da ya ba su damar rufe wuri mai faɗi da matsattse a tsayi ɗaya. Ba su ne suka ƙago waɗannan dabaru ba. Baka mai tsini yana masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun ƙarni na 9, kuma maginan Normandi da Ingila sun riga sun gwada bakuna masu gilmawa. Sabon abin shi ne yadda aka haɗa su wuri ɗaya don a rage bango.

Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka sa manyan tagogi. Aka jera ƙananan ɗakunan addu'a guda 7 a zagaye kamar rabin ƙwarya, ba tare da katanga a tsakaninsu ba, kowane da tagoginsa na gilashi mai launi, musamman shuɗi mai tsada. A gabansu aka bar hanya mai layi biyu da ta kewaye wurin ajiyar ƙasusuwan, yadda mai ziyara zai shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan ba tare da ya yi karo da na bayansa ba. Suje ya kira masu aikin gilashi daga ƙasashe daban daban, ya kuma naɗa gwani guda da albashinsa don kula da tagogin.

Cikin shekara 3 da wata 3 aka gama. Ranar 11 ga watan Yuni 1144 aka yi bikin buɗewa a gaban sarki Luwi na 7 da matarsa Aliyeno, da manyan limamai masu yawa, har da na Kantabari daga Ingila. Jama'a ta yi yawa har sarki da dogaransa suka riƙa kare hanya da sanduna. Aka fito da akwatunan azurfa masu ƙasusuwan daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sarki da kansa ya ɗauki na Dani ya hau da shi sabon wurin. Limaman da suka halarta sun koma garuruwansu da abin da suka gani a ido, kuma cikin shekarun da suka biyo baya aka tada manyan majami'u a kan wannan salo, wanda daga baya aka kira Gotik. Notar-Dam ta Paris, wadda aka fara a 1163, tana cikinsu.

Akwai abin lura a nan. Suje ya sa an rubuta sunansa a wurare da dama na ginin, an zana siffarsa a taga da kuma kan ƙofa. Amma a cikin duk rubutunsa bai ambaci sunan magini ko ɗaya ba.

Zinariya ko talaka

Ba kowa ya yaba da wannan ado ba. Babban malamin Kirista na zamanin, Barnar na Kalarbo, ya yi rubutu wajajen 1125 yana sukar gidajen ibada masu ƙyalƙyali alhali matalauta suna kwana da yunwa. A ganinsa, ado dabara ce ta jawo kuɗi, domin mutane sun fi sakin hannu inda suka ga dukiya. Ya kuma soki San-Dani kanta da cewa ta zama dandalin sojoji da masu harkar fada. Suje ya karɓi wannan ɓangare na sukar, a 1127 ya tsaurara dokar gidan, har Barnar ya aiko masa da takardar yabo. Amma a kan ado bai ja da baya ba. Hujjarsa ita ce abin da ya fi kowane daraja shi ya cancanci wurin bauta, kuma zuciyar ɗan Adam takan farka ne ta hanyar abin da ido ya gani.

Abin da ya kare shi daga zargin ci shi ne zamansa. Almajirinsa da ya rubuta tarihinsa ya nuna cewa wani ɗan ƙaramin ɗaki ya gina wa kansa a jikin majami'a, yana kwana a kan shimfiɗar ciyawa, abincinsa kuma ba na ƙawa ba ne.

Wasu daga cikin kayan da ya tara suna nan har yau. A gidan tarihi na Lubur a Paris akwai wani tsohon tulu na jan dutse da ya sa aka yi masa kai da fukafukan gaggafa. Akwai kuma wata butar dutse mai haske kamar ruwa, wadda ta yi doguwar tafiya: wani sarkin Musulmi na Andalus ya ba kakan Aliyeno, ita ta ba mijinta, shi kuma ya ba Suje.

Riƙon ƙasa da rasuwa

A 1147 Luwi na 7 ya tafi yaƙin da Turawa suke kira yaƙin gicciye na biyu, a ƙasar Sham. Suje bai so tafiyar ba da farko, amma shi aka ɗora wa riƙon ƙwaryar mulki. Shekara biyu yana tara haraji, yana aika wa sarki guzuri, yana biyan sojoji, inda kuɗin fada suka gaza ya cika da na gidansa. Da ƙanen sarki, Robar, ya dawo da wuri yana neman tada fitina a 1149, Suje ya tara hakimai ya kashe wutar. Yaƙin ya watse a bakin Dimashƙa a 1148, sarki ya dawo ba nasara, amma ya tarar da ƙasarsa a haɗe, har aka yi wa Suje laƙabin uban ƙasa. A 1150 shi kansa ya so haɗa wata runduna zuwa gabas, sai dai bai samu goyon baya ba, ciwo kuma ya kama shi. Ya rasu ranar 13 ga watan Janairu 1151, yana da kimanin shekara 70, aka binne shi a majami'arsa.

Yana raye ya hana sarki rabuwa da Aliyeno, domin ya san faɗin ƙasar Akiten da ta shigo da ita. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1152, aka raba auren. Cikin wata biyu ta auri Hanri, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, ƙasarta kuma ta bi ta. Faransa ta daɗe tana biyan kuɗin wannan saki.

Daga 1231 aka sake gina tsakiyar majami'ar da saman sashen gabas. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, aka tone kaburburan sarakuna aka zuba ƙasusuwansu a rami, aka narkar da kaya masu yawa na zinariya da azurfa. Hasumiyar arewa, wadda tsawa ta faɗa wa a 1837, an sauke ta wajajen 1847, sai a 2025 aka fara aikin sake tada ta. Amma mashigin yamma, da hanyar nan mai layi biyu, da ginshiƙanta sirara, da wasu daga cikin tagogin Suje suna nan tsaye. Duk wanda hanya ta kai shi San-Dani, idan ya gama da kasuwa, taku kaɗan ne zuwa wurin.